Kifin Baba

Na shiga layin 'yan yawon buɗe ido, na ƙanƙame littafina. A ƙauyenmu na masunta da ke tsibirin Newfoundland, baƙo ba ya zama ɗan gari sai ya sumbaci bakin kifi. Babana, Eli Pardy, shi ke riƙe da kifin.

Shekara tara rabona da shi, tun da aka hana kamun kifi na tafi birni. Abu ɗaya na zo nema, ya kira sunana a gaban mutane.

"Matso, 'yar birni, ba ya cizo!" in ji shi. "Ya ma fi samarinku ƙamshi!"

Aka kwashe da dariya. Na sunkuya, na ce a hankali, "Baba, ni ce fa."

Murmushinsa bai gushe ba. Ya raɗa mini, "Tun daga mota na gane ki, Delfina. Sumbaci ki wuce. Kullum ina gaya wa baƙin nan teku ce ta cinye mini ke, suna kuka. Da labarin nan nake ci."