Itacen da Ya Bushe a Tsaye

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

An yi wani gari a bakin wani tafki da kurmi ya kewaye. Tun kaka da kakanni akwai doka a garin, gatari ba ya shiga kurmin nan, ko ɗanye za ka sara ko busasshe. Abin da iska ta kakkaryo ya faɗo ƙasa, shi mata ke tsinta su yi girki. Mai neman magani kuwa an yarda ya sassaƙi ɓawo da wuƙa, kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, ya bar sauran don itacen ya warke. A garin akwai wani masunci da ya fara manyanta. Da kifin tafkin ya yi aure, da shi yake ci da gidansa, ba shi da wata sana'a. Ya san in damina ta yi nisa ruwa ya shiga cikin itatuwan giyayya, a tsakanin saiwoyin nan tarwaɗa da karfasa ke zuba ƙwai, kuma saiwoyin ne ke riƙe da gaɓa kada ƙasa ta zubo.

Wata shekara masu gawayi suka je wurin dagaci suka ce su ba ɗanye suke nema ba, amma busasshen da ke tsaye me yake tsinana wa wani, in ban da gara ta cinye shi a banza? Dagaci ya ga maganar ba ta da aibu, ya sa aka yi shela cewa an yarda a sari busasshe. Masunci ya ji, tuwo ya gagare shi ci. Ya rataye komarsa ta kamun kifi ya shiga gari. Ranar kasuwa yana rumfar mahauta, ranar Juma'a yana ƙofar masallaci, in ana suna yana kan tabarma yana roƙon mutane kada su yarda. Matarsa ita ma tana bin gidaje tana faɗa wa mata. Samari suka sa masa suna Wakilin Matattun Itatuwa. Duk da haka ya samu jama'a, da makiyaya da masu lambu, suka ɗunguma zuwa ƙofar dagaci. Dagaci ya saurare su har suka kai aya, sannan ya ce, "Malam, a cikinku akwai wanda ya ga an sari ɗanye?" Masunci ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a sara ba tukuna." Aka yi dariya, taro ya watse. Kowa na tafiya yana ce masa ya kwantar da hankalinsa, ranar da aka taɓa ɗanye ya kira su.

To, ba wanda ya ɗora gatari a kan ɗanye. Sai dai masu neman magani ne suka yawaita a garin, wannan ciwon ciki, wancan basir. Ɓawon kuwa ba gabas da yamma ake ɗiba ba, kewaye gindin ake yi da wuƙa kamar an sa masa zobe. Itace ya zubar da ganye, damina ta zo bai toho ba. Sai mai gawayi ya kira dogarin dagaci ya nuna masa, ga shi nan busasshe ne, ya sare abinsa bisa doka. Da ƙirya aka fara, aka koma kan marke, aka gangaro kan giyayya. Masunci ya koma wa waɗanda suka ce ya kira su. Ya tarar ɗaya buhunan gawayi sun cika masa zaure, ɗaya kuma surukinsa ne ke tona ramin ƙona gawayin. Mai kunya a cikinsu ya sunkuyar da kai ya ce masa ai in bai sara ba wani zai sara.

Ruwan sama ya riƙa kwaso yashi yana zubawa a tafki. Ruwan tafkin ya yi ja, ya janye, har inda ake tuƙa kwalekwale a da ya koma wurin da jaki ke birgima. Da rijiyoyin lambu suka ƙafe, shanu suka rasa mashaya, sai gari duka ya tashi, taron da ya ninka na farko, har da masu gawayin. Dagaci ya maido da tsohuwar doka. Sanƙira ya tsaya a tsakiyar kututturai, rana na dukansa, ya yi shela cewa daga yau gatari ba ya shiga kurmi. Masunci bai je ba. A ranar ya jawo kwalekwalensa gida ya ajiye a garke, a ciki ake zuba wa awaki dusa. Shi kuwa ya ɗauki fartanya da furfurarsa, ya bi samari ƙodago a gonakin mutane.

Shi ya sa in ka ji an ce ai ɗan sassauci ne kawai aka yi wa doka, ka tuna da abin da Hausawa suka ce: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙurunƙus kan kusu. Da ma a ce ƙaryar Gizo ce.