Ƙofar Sukari

"Ga shi nan, Baba," in ji autarsa, ta ɗora yatsa a kan allon kwamfuta a ɗakin gwajin da take aiki.

Mahaifin nata, tsohon tela, ya gyara zaman tabarau. Shekara da shekaru shayi yake ɗora wa laifin ciwon sukarinsa.

"Wannan ƙwayar gadon ce ke gina ƙofar da sukari ke bi daga jini ya shiga nama. Taka ta ɗan bambanta da ta sauran mutane, shi ya ƙara maka haɗarin ciwon. Ni ma haka tawa take."

"To, a ina na kwaso ta?"

"Mun gwada mahaifinka, ba shi da ita. Sai dai wajen mahaifiyarka."

Ya ƙura wa allon ido. Wajen haihuwarsa ta rasu, ba ta bar hoto ba, ko ɗankwalinta bai taɓa gani ba. Ashe duk tsawon lokacin nan tana tare da shi, har ta ƙetara zuwa jikarta.

"Kada ka damu, Baba, da magani..."

"Ƙara girman wurin," ya ce, yana jawo kujera. "Bari in gan ta da kyau."