Kindirmon Fatu

Sadiyya ta faki ido ta barbaɗa garin kafso a ƙwaryar maƙwabciyarta Fatu. Kullum a kasuwar Roni kindirmon Fatu ke fara ƙarewa, nata kuwa sai ƙudaje.

Da fari nonon ya ƙi barci, Sadiyya ta ji sanyi. Ta ci gaba da barbaɗawa kaɗan-kaɗan, amma ya dawo yana barci abinsa.

Da ciwo ya shiga rugarsu aka yi wa shanu allurar magani irin na kafson nan. Nonon kowa ya ƙi barci, ban da na Fatu.

Likitan dabbobi ya ce, "Fatu, ƙwayoyin halittar da ke sa nononki barci sun saba da maganin nan. Wa ya horar da su?"

Washegari Sadiyya ta bi layin matan rugar a ƙofar Fatu da ludayinta.

"Adda Fatu, a sam mini irin kindirmo."