Ɗacin Ruwan Kaɗe

Ban fi shekara takwas ba lokacin da damina ta cinye bangon ɗakinmu na gabas a zangon Yendi. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya rage bangon ya faɗo mana. Siminti kuwa sai gidan masu hali.

Bayan kasuwa akwai injin tatsar man kaɗe, kullum suna malalar da baƙin ruwan da ya rage. Da shi mata ke kwaɓa ƙasa su yi yaɓe, ruwan sama ya riƙa zamewa. Bayan azahar Mma, mahaifiyata, ta miƙo mini garwa ta ce in ɗebo.

Wari gare shi kamar ƙonanniyar gyaɗa, ga ƙawayena a hanya. Don kada ya zubo mini, na ɗebi rabi, na cika da ruwan rijiya a ƙofar gida.

Mma ta tsoma yatsa ta lasa. Ta daɗe tana kallona.

"Ɗacin bai kai ba," ta ce. "Amma ba komai. Daidai inda kike shimfiɗa tabarmarki za mu shafa shi."

Ko takalmi ban tsaya nema ba. Sawu uku na yi zuwa injin, garwa cike fal, ruwan yana gangaro mini a wuya.

Da na sauke na ƙarshe, sai na ga tuni ta zubar da na farkon a kwata. Ta goge mini wuya da bakin zanenta.

"Sakarya," ta ce, "wa zai bari bango ya faɗo miki?"

Bangon nan ya tsaya har na yi aure. Allah ya jiƙan Mma. Jikokina suna cewa na cika sa ido. Ba su san wadda ta raine ni ba.