Wace Ce Rijiya Ta Ɗaya?

Aminiyata Tasalla, kin ce 'yarki ta fara koyon ba wa kwamfuta umarni, tana kuma ta gaggawa. To ga wani misali, ki juya shi a ranki.

An yi wata ɗaliba da ke bincike a wani ƙauye mai rijiya biyu, ɗaya a bakin kasuwa, ɗaya a gindin tsamiya. Gudawa ta addabi yaran garin, ba a san wace rijiya ce ke jawo ta ba. Ɗalibar ta bi gida-gida tana tambaya, ina kuke ɗiban ruwa, yara nawa suka kwanta bana. Da ta koma makaranta ta zauna koyon manhajar da ke tace irin waɗannan alƙaluma. Abin da wuya. Ɗan waƙafi ɗaya in ta manta, sai na'ura ta watso mata jan rubutu ta ƙi motsi. A hankali hannunta ya faɗa, har ta fara jin daɗin abin. Da yake na'urar ta fi gane lamba, sai ta sa wa rijiya guda lamba ɗaya, gudar kuma lamba biyu, ta goge sunayen gidaje saboda amanar mutane, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Malaminta ya leƙa ya ce, “Rubuta a gefe wace ce ɗaya, wace ce biyu. Ba don na'ura ba, don kanki.” Ta yi dariya ta ce, “Haba Malam, rijiya biyu rak? Ko daga barci aka tashe ni ai na faɗa.”

Ana nan sai haihuwa ta zo mata. Ta tafi gida wanka, damina ta sauka, gara ta shiga kwalin takardun tambayoyin ta mai da su ƙasa. Da ta dawo, goyo a baya, ta buɗe aikinta ta ba da umarni. Babu jan rubutu ko ɗaya. Amsa ta fito fes: yaran da ke shan rijiya ta ɗaya sun ninka na ta biyu kwanciya. Ta yi hamdala, sannan ta tsaya cak. Wace ce ta ɗaya? Zuciya ta ce ta kasuwa, ai ita ce kusa da kwata. Wata zuciyar ta ce a'a, da ta tsamiya kika fara. Mai gari kuwa ya aiko yana jiran a faɗa masa wadda zai rufe. Da ta ga dama ta yi canke, ba mai kama ta. Amma in ta kuskure, an rufe mai kyau ke nan, an tura yaran mutane ga mai cutar, Allah kuma yana gani. Sai ta sayi sababbin takardu, ta gyara goyonta, ta sake bin garin daga gidan farko. Abokan karatunta suka gama suka tafi. Rijiyoyin nan biyu suka ƙara wata damina a buɗe, yara na sha.

Ki faɗa wa 'yarki ma'anar, amma labarin ya tsaya tsakaninmu, don mai shi tana nan, kuma kin san ta. Layi ɗaya ne ba ta rubuta ba. Hausawa dai sun riga sun ce, tun ran gini, ran zane.