Zaƙin da Ya Kayar da Shi

Amatullah ta tarar da Yazidu zaune a ƙofar gidansu, ya rame. Shekaranjiya ya faɗi a kasuwar dabbobi.

"Ƙanwarka ta ce tun bara likita ya hana ka sukari," ta faɗa, kanta a ƙasa. "Kullum ka zo zance ina dama maka fura mai zaƙi, kana shanyewa. Don mi ka ɓoye mini?"

"Tsoro na ji kada babanki ya ji ina da ciwo, ya hana ni ke."

Idanunta suka ciko. Ita ce ke ƙara cokalin sukari duk ranar da ya yaba furar.

"Ka turo magabatanka," ta ce a hankali. "Baba, ni zan faɗa masa. Kuma na iya kwaɗon zogale, shi ba a sa masa sukari."