Farar Zabuwar Gindin Tsamiya

Zauna ka ji, tunda kai komai sai ka ce a bari ranarsa ta zo. A wani ƙauyen maharba da ke bakin kurmi, ba a shiga farautar zabin daji sai farkon bazara, ranar da sarkin baka ya sa. Tun da sauran wata guda, kowane maharbi zai ɗauki tsohuwar tabarma ya jingina a jikin suri a bayan gari, ya shafa gawayi a tsakiyarta, ya ja da baya taki talatin, ya ɗura bindigarsa da albarushi da ƙwayoyin dalma, ya saki. Sa'an nan ya zo ya duba inda ƙwayoyin suka huda. In sun taru a kan gawayin, madalla. In sun karkata, akwai sauran kwanakin da zai kai wa maƙeri ya miƙe bututun, ya dawo ya sake gwadawa. Ba don nishaɗi suke wannan wahala ba. A tsakiyar kurmin akwai wata tsohuwar tsamiya inda zabi ke taruwa, a cikinsu kuma akwai wata zabuwa fara fat, wadda kakanninsu suka tarar, su ma suka tarar. Ba ta tsufa, ba ta gudun mutum. An ce ta mai tsamiyar ce, wadda ba a ambaton sunanta. Ka harbi duk wadda ka ga dama, amma ko ƙwaya ɗaya kada ta taɓa farar.

To, a cikinsu akwai wani gwani, shekara ashirin bai taɓa komawa gida hannu rabbana ba. Gwaninta kuwa, ka sani, ita ke haifar da raini. Da kaka, yana kwaso dawa daga gona, bindigarsa ta zame daga bayan jaki ta bugi dutse. Ya ɗauka, ya goge da gefen riga, ya leƙa, bai ga komai ba. Da lokacin gwaji ya zo, 'yan'uwansa na ta dukan tabarmi, shi yana kishingiɗe a inuwa yana yi musu tsiya, wai ko miyar tabarma za a sha bana. Amininsa ya ce masa, "Kai fa taka ta faɗi, aboki. Tashi ka gwada ta." Ya yi dariya ya ce, "A jikin zabo zan gwada ta." Sai ranar farauta, suna tafe cikin kurmi, maganar ta dawo masa ta tsaya a ƙirji. Ya so ya saki ɗaya a jikin wani kututture ya gani, amma harbi ɗaya a nan zai watsa wa kowa zabinsa, sarkin baka kuma ba zai yafe ba. Ya haɗiye shakkarsa ya ci gaba.

Rana na tsaka ya iso tsamiyar, shi kaɗai. Ga garken nan suna tono. Farar tana dama, wani ƙosasshen zabo yana hagu, tsakaninsu ya kai gaba uku, tazarar da ko makaho ba zai kuskure ba. Ya durƙusa, ya auna na hagun, ya ja kunama. Da hayaƙi ya washe, ƙosasshen na tsaye. Dukansu na tsaye. Zabin da faɗuwar ganye ke tayarwa, ga ƙarar bindiga amma ko ɗaya bai tashi ba, sai suka juyo gaba ɗaya suka zuba masa ido. Farar kaɗai ke kwance, babu ɗigon jini a jikinta. Kurmin ya yi tsit, har kurciya ta daina kuka. Sai ya ji numfashi mai sanyi a ƙeyarsa, da muryar wata tsohuwa tana ƙirga a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a cikin gero: ɗaya, biyu, uku. Ba ta tsaya ba sai a goma sha bakwai, daidai ƙwayoyin da ya ɗura da hannunsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba. Bai waiwaya ba, kuma har ya mutu bai iya faɗin yadda ƙafarsa ta kai shi gida ba.

Da la'asar amininsa ya ɗauki bindigar ya kai bayan gari, ya jingina tabarma, ya harba. Ko gefenta ba a taɓa ba. Duk ƙwayoyin sun tafi dama, sun yayyaga wata sabara can nesa. Aikin da maƙeri zai gama kafin tuwo ya nuna ke nan. Kashegari gwanin ya tashi da fararen ɗigo a hannunsa na dama, irin na jikin zabo, guda goma sha bakwai. Hannun yana noma, yana cin tuwo, amma da ya taɓa ƙotar bindiga sai hannun ya mutu murus, har sai an ɗauke ta. Farar zabuwar tana nan, maharba na ganinta, sai dai yanzu tana ɗingishi. Shi kuwa duk shekara, tun da sauran wata guda, shi ke fara kai tabarma bayan gari, ya shafa wa kowa gawayi a tabarmarsa, ya koma gefe ya zauna yana kallon hannunsa. Na ji tausayinsa, amma shi ya jawo wa kansa. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.